Yadda Aka Gyara Tof Gaskit Ɗin Golf Ɗita Mai Turbo a Kano

Motata Golf 4 ce GTI, ƙirar 2002, mai injin 1.8 da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙarin ƙarfi), irin wanda aka sa wa Passat da Audi A4 na wancan zamanin. Silinda huɗu ne, amma bawul 20, biyar a kan kowace silinda. Bulok ɗin, wato gangar injin, ƙarfe ne, tof ɗin da ke rufe shi ta sama kuma alminiyom. 'Yar Kwatano ce, kuma tun ranar da na biya kuɗinta na san abin da na saya, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Bara tof gaskit ɗinta, wato faifan da ke toshe tsakanin tof da bulok, ya ƙone, kuma kafin a gama aikin na sha shawarwari masu karo da juna har na rasa wadda zan kama. Wannan ya ce a zuba magani a lagireto, wancan ya ce a sauke injin a ɗora wani, wani kuma ya rantse aikin yini ɗaya ne. Shi ya sa zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, har da kuɗin da na kashe, duk da farashin kayan mota dala yake bi, na bara ba shi ne na bana ba.

Cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40. Ina dawowa daga Kaduna da la'asar, esi a kunne, na wuce Kwanar Dangora kenan na taka mai don in wuce jerin tireloli, sai ƙarar gargaɗi ta tashi, jar fitilar ruwa ta kama ƙiftawa, allurar zafi ta bar 90 ta nufi ja. Allurar Golf 4 an yi ta ne ta zauna cak a kan 90 ko da zafin na ainihi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, saboda haka duk ranar da ka ga ta motsa, injin ya riga ya yi nisa. Kafin in samu sarari tsakanin tirelolin in sauka gefen titi, ta kusa ƙurewa. Ina buɗe bonet wani mai faci da 'yan acaɓa biyu suka iso. "Alhaji, kawo kuɗin fiya wata mu watsa mata, yanzu za ta huce." Na yi musu godiya na ce a bar ta ta huce da kanta, don ruwan sanyi a kan tof mai zafi yana iya tsaga shi, murfin tankin ruwa kuma idan aka buɗe shi ruwan na tafasa, fuska yake wankewa. Bayan kamar awa ɗaya na buɗe, tankin ya kusa ƙafewa. Na cika na tayar. Injin ya tashi yana karkarwa, kumfa na tasowa a tankin ba ƙaƙƙautawa, salansa na fitar da farin hayaƙi mai wani irin wari mai zaƙi-zaƙi. Nan na kashe ta na nemi mai janwe. Ya fara da dubu 90, muka tsaya a dubu 60 zuwa cikin gari. Takardun mota na ciro su na riƙe a hannu, don motar da aka ɗauko a janwe da dare sai an tambayi mai ita a shingen jami'ai.

Garejin da aka fara sauke ta na kusa da gidana ne. Washegari bakaniken ya zaro sandar awon baƙin mai, ya duba, ya ce, "Yallaɓai, gaskit lafiya lau yake. Da ya ƙone da ka ga mai ya koma kalar shayi da madara." Shawararsa ita ce a zuba maganin toshe yoyo, a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi), a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da an murɗa makulli. Wannan magana ta kalar mai ita ce ta fi ruɗar mutane, kuma rabin gaskiya ce. Gaskit yana raba abu uku ne: wutar da ke ci a cikin silinda, hanyoyin ruwa, da hanyoyin baƙin mai. Idan ya fashe tsakanin ruwa da mai, to mai zai canza kala. Idan kuwa tsakanin silinda da ruwa ya fashe, mai na nan tas, iskar ƙonuwa ce ke kutsawa cikin ruwa tana koro shi waje, ruwan kuma yana tsiyaya cikin silinda idan mota ta kwana. Injin turbo ya fi yin irin wannan, saboda matsin da ke cikin silindarsa ya fi na injin da ba turbo. Maganin toshe yoyo ba ya tsayawa gaban wannan matsi, sai dai ya je ya cushe ƙananan hanyoyin lagireto. Na biya shi kuɗin dubawa, na sake neman janwe na ɗan gajeren zango zuwa wajen wani dattijo da ya daɗe yana aikin Volkswagen da Audi.

Shi dattijon, Ogan garejin, bai ce komai ba a ranar. Ya ce a bar ta ta kwana, yana son ya same ta da sanyi. Da safe ya matsa babban tiyon lagireto ya miƙo min hannu in taɓa: yana nan da tauri, alhali injin da ya kwana ya kamata tiyonsa ya saki. Ya jona kwamfuta ta nuna P0303, wato silinda ta uku na tsallake wuta. Ya cire kwayil da fulogi huɗun ya jera su a kan tsumma. Uku sun yi launin ƙasa-ƙasa, na uku kuwa fari fes, tururi ya wanke shi. Sai awon matsi: littafin injin ya ce sabo yana ba da bar 10 zuwa 13, ƙarshen lalacewa bar 7, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 3. Nawa uku sun ba da wajen 11, ta uku ta tsaya ƙasa da 8. Gwajin ƙarshe shi ne na wani shuɗin ruwa a cikin kwalba da ake ɗorawa a bakin tankin ruwa injin na aiki. Idan akwai iskar ƙonuwa a cikin ruwan, shuɗin zai koma rawaya. Ba a yi minti biyu ba ya koma. Ogan ya ƙara min da wani abu: wannan injin yana da na'urar sanyaya mai a saman filta, ruwa ne ke ratsa ta, kuma idan ta huje tana haɗa mai da ruwa, a ɗauka gaskit ne a buɗe inji a banza. Duk gwajin nan dubu 15 ya karɓa, kuma cikin abin da na kashe babu wanda ya kai shi amfani.

Daga nan sai zaɓi: a gyara ko a ɗora injin Beljiyam. Abokai da yawa sun ce in canza kawai in huta. Na tambayi farashi, na tarar da injin da kuɗin ɗorawa sun haura gyaran da nisa, kuma garantin mako ɗaya ko biyu ake bayarwa a kan injin da ba wanda ya san tarihinsa. Nawa ba ya shan mai, ba ya ƙara a ƙasa. Ogan ya ce, "Alhaji, in bulok bai taɓu ba, naka ya fi. Amma ka sani gaskit ba ya ƙonewa haka siddan. Wani abu ne ya dafa shi, in ba mu gano shi ba, sabon ma haka zai bi." Muka yi ciniki a kan dubu 80 kuɗin aiki, rabi kafin a fara, rabi bayan gwajin hanya. Muka kuma yarda ni zan sayo kaya da rakiyar babban yaronsa, kuma duk abin da aka cire za a ajiye min in gani. Na sa ya rubuta jerin kayan a takarda ya sa hannu. Ya yi dariya, amma ya rubuta.

Kwancewar ta ci yini biyu, kuma turbo ne ya jawo haka. A Golf injin a gicciye yake, turbon yana baya, matse tsakanin inji da bangon mota, notuna uku ne ke riƙe shi da manifol ɗin salansa, kuma shekara ashirin suna gasuwa. An jiƙa su da mai tun dare, duk da haka ɗaya ya karye, sai da aka haƙe shi. Yaran suka toshe bakunan turbo da tiyoyin mansa da tsumma mai tsabta, don ɗan ƙaramin ƙarfe ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya cinye fukafukansa. An tallafe inji da jak aka cire mazauninsa na dama kafin tayimin bel ya fita, bayan an daidaita alamomin tayimin. A nan ne mai laifin ya bayyana. Famfon ruwan wannan injin tayimin bel ne ke juya shi, kuma farfelarsa ta roba ce. Tawa ta tsage ta saki sandarta, Ogan ya sa yatsa ya juya ta, sanda na tsaye. Daga waje ba yoyo, ba ƙara, ba wata alama. A ƙaramin gudu tana ɗan kamawa, da an taka mai sai ta zame, ruwa ya tsaya cik a daidai lokacin da turbo ke zuba zafi. Da aka buɗe gidan tamostat kuma ba komai a ciki, wani mai ita na baya ya riga ya cire. Notunan tof guda goma ne, kansu na buƙatar wani dogon makulli na musamman mai haƙora, kuma daga gefe ake fara sassauta su a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan. Da aka ɗaga tof, ga baƙin layi a zoben silinda ta uku inda wuta ta ratsa zuwa hanyar ruwa, kan fistan ɗin ya wanku tas. An kankare fuskar bulok aka auna, tana nan daidai. A nan ne na fara numfashi sosai.

Tof ɗin muka sa a Adaidaita Sahu zuwa wajen masu girandin, masu goge fuskar tof da inji ta miƙe. Wani yaro a garejin ya ce shi zai iya goge shi da sanfefa a kan gilashi, Ogan ya harare shi. Mai girandin ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof ɗin, a tsaye da a gicciye da kusurwa zuwa kusurwa, yana cusa siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. Iyakar lanƙwasar da aka yarda da ita milimita 0.1 ce, nawa kuwa na 0.15 ya shige a tsakiya. Kafin ya taɓa shi na nemi a yi gwajin tsaga, inda ake toshe hanyoyin ruwa a hura iska a nutsa shi a ruwa a ga ko kumfa zai fito. Ba kowane shago ke da wannan ba, kuma a tof mai bawul biyar a kowace silinda, naman da ke tsakanin bawul da bawul siriri ne ƙwarai. Bai yi kumfa ba. Abu na biyu shi ne tsayi: wannan tof ɗin bai kamata ya gaza milimita 139.2 ba bayan girandin. Idan aka ci shi fiye da haka ɗakin wuta ya ƙanƙance, matsi ya ƙaru, kuma injin turbo da fetur ɗinmu na nan sai ya fara ƙwanƙwasa, ya sake cin gaskit ko ya fasa fistan. An auna, ba a taɓa goge shi ba, akwai sarari. Aikin kansa bai fi rabin awa ba, amma rashin wuta ya sa ya kwana biyu a layi, sai da na ƙara kuɗin man janareta. Girandin da gwajin tsaga da sauya robobin bawul sun tashi dubu 45.

Sayen kaya shi ne inda ake buƙatar ido. Na tafi kasuwar Kofar Ruwa da lambar shasi da lambar inji, tawa AUM ce mai ƙarfin doki 150. Ana samun lambar a takardar da ke manne a murfin tayimin bel da kuma wadda ke cikin but wajen safaya. Cewa "Golf 4" kawai ba ya isa, don akwai 1.6 da 2.0 da kuma 1.8 marar turbo. Gaskit hawa-hawa ne. Akwai mai laushi irin na kwali a dubu 15, akwai kuma na ainihi wanda faifan ƙarfe ne aka jera hawa-hawa, shi ne injin ya zo da shi. Famfon ruwa mai farfelar ƙarfe, da tayimin bel da abin ɗaure shi, da tamostat mai buɗewa a digiri 87, duk na same su a nan a kan kimanin dubu 140. Gaskit ɗin ƙarfe na Elring da sababbin notunan tof kuwa sai da wani ɗan kasuwar ya yi min odarsu daga Ladipo a Legas, dubu 95 har da kuɗin aike. Ya turo hoton kwalin da lambar kafin in tura kuɗi, ya rubuta min rasit, aka sa su a motar dare na karɓa a tashar New Road ta Sabon Gari. An ce jibi, ya zama kusan mako. Mutane da dama sun ce notunan ɓarnar kuɗi ne tunda tsofaffin ba su karye ba. Amma irin waɗannan an yi su ne su miƙe idan an ɗaure, miƙewar ce ke riƙe tof. Wanda ya miƙe sau ɗaya ba ya ba da irin wannan riƙon a karo na biyu.

Ranar haɗawa na ɗauki hutu a wajen aiki na zauna a benci tun safe. An hure ramukan notuna goman da iska har suka bushe, domin mai ko ruwa in ya kwanta a ƙasan rami, noti na sauka zai matse shi ya tsaga bulok. An ɗora gaskit a bushe. Wani bakanike maƙwabci da ya leƙo ya ce, "Oga, ba za a shafa gam ba?" Ogan ya ce irin wannan da rufinsa ya zo, gam hana shi zama yake yi. Sai ɗauri, daga tsakiya zuwa gefe: zagayen farko da sifana mai awo a kan Nm 40, na biyu a ƙara wa kowane noti kwatar juyi, wato digiri 90, na uku a sake wani 90. Ogan yana ɗiga farin fenti a kan kowane noti don a ga inda ya tsaya. Kamshaf biyun sarƙa ce ke haɗa su a bayan tof, ya ƙirga gaɓoɓi 16 tsakanin alamominsu a gabana. Bayan an ɗora bel ya juya inji da hannu zagaye biyu ya sake duba alamomi, don a wannan injin in tayimin ya goce da yawa, fistan da bawul karo suke yi. An sa sabon filta da baƙin mai 5W-40 mai lambar VW 502 00, wajen lita huɗu da rabi. An zuba ɗan mai a hanyar man turbo, aka cire wayoyin kwayil da na nozul aka yi ta murɗa makulli har mai ya zagaya, sannan aka mayar. Ruwa kuwa kulan ne, wato ruwan sanyaya inji, G12 mai ruwan hoda, rabi da rabi da tataccen ruwa, bayan an wanke lagireto daga tsatsar ruwan rijiyar da aka daɗe ana ɗura mata.

Ta tashi a bugu na biyu. Gabana ya faɗi da na ga farin hayaƙi ya sake turnuƙowa, Ogan ya ce in kwantar da hankali, ruwan da ya taru a salansa ne ke ƙonewa, kuma cikin kwata awa ya ɗauke. Ana jiran iska ta gama fita daga hanyoyin ruwa sai ya lura da wani abu: an kunna esi amma fankokin biyu ba su motsa ba, sai da zafi ya hau suka zabura da ƙarfi. Fankar Golf 4 gudu biyu gare ta, kuma ƙaramin gudun ya saba mutuwa ba tare da mai mota ya sani ba. Wata dubu 40 kenan ta fankokin Beljiyam. Gwajin hanya a titin Zariya muka yi, da kwamfuta a jone tana nuna zafin na ainihi. Ya ce kada in matsa mata tukuna. Bayan 'yan kwanaki na ga ɗigon hoda a ƙasa inda take kwana, na koma a fusace. Ashe mahaɗar tiyo ce ta roba da ke gefen tof, ta tsufa, taɓa ta da aka yi ya sa ta tsage. Dubu 12, aikin awa ɗaya. Da ta yi kamar kilomita 500 aka sake juye mai da filta, aka maimaita gwajin shuɗin ruwa, ya zauna a shuɗinsa. Sai a ranar na biya cikon kuɗin aiki. Jimilla, da janwe da mai sau biyu da abincin yara, na doshi dubu 650, motar kuma ta yi kusan mako uku a gareji, mafi yawansa jiran kaya da jiran wuta.

Wanda duk wannan ya same shi, abin da zan ce masa na farko shi ne kada ya yarda a kwance noti ɗaya kafin a yi gwaji, kada kuma a rufe inji kafin a nuna masa abin da ya jawo zafin ya riƙe shi a hannunsa. Wajen zaɓen bakanike tambaya biyu sun isa: yana da sifana mai awo, kuma a ina yake auna tof? Wanda ya ce hannunsa ne awonsa, ko ya ɗauko bututu ya zura wa sifana don ƙarin ƙarfi, wataƙila ya iya wasu motocin, amma ba wannan ba. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ba sa maganin zafi, ɓoye shi suke yi, kuma injin da ba ya kai zafinsa na aiki ya fi shan fetur. Duk robar da ke jikin hanyar ruwa wadda aka taɓa a lokacin aikin, gara a canza ta tun inji na buɗe. G12 kuma ba a gauraya shi da koren kulan ko shuɗi, cakuɗewa suke yi su zama laka. Bayan doguwar tafiya ina barin ta ta yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin in kashe, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone a tsaye. Akwai kuma masu cewa a dawo bayan mako guda a ƙara ɗaure notunan tof, al'adar tsofaffin injuna ce. Waɗannan notunan ba a sake taɓa su, kuma Ogan ya ja min kunne cewa ko a wane gareji na tsinci kaina, kada in bari a sa musu sifana.